Magungunan Hawan Jini: Wanne Ya Fi Aiki?

A duk ranar da ake ganin masu hawan jini a asibiti, ko a Sakkwato ne ko a Legas ko a Inugu, akan same su zaune bisa benci suna jiran likita, kowa da ƙunshin maganinsa, suna gwada wa juna. Wannan ya ce nasa ƙwaya ɗaya ce tak da safe, wancan ya ce shi uku aka ba shi, wani kuma ya fito da kwalin da ɗansa ya aiko masa daga ƙasar waje, ya ce ai wannan shi ne na ainihi, tun da ya fi sauran tsada. Daga nan sai shakka ta shiga zuciyar wanda aka ba mai araha, har ma wani ya watsar da nasa, ya je kemis ya sayi irin na maƙwabcinsa. Tambayar da ke ransu duka ɗaya ce, watau wane magani ne ya fi aiki. Likitocin duniya sun shafe fiye da shekara 50 suna neman amsarta ta hanyar gwaji a kan dubban mutane. An shirya wannan ɗan littafi ne domin a bayyana wa jama'a abin da aka gano, musamman abin da ya shafi baƙar fata, gama amsar da ta dace da Bature ba lalle ne ta dace da mutumin Nijeriya ba.

Yadda ake gane amfanin magani

In an ɗaura wa mutum ma'aunin jini a dantse, lamba biyu ake karantawa. Ta sama ita ce ƙarfin da jini ke tura bangon jijiya sa'ad da zuciya ta matse, ta ƙasa kuwa ita ce ƙarfinsa sa'ad da ta saki. Ana ƙidaya su da milimita na zaiba, amma domin sauƙi za a riƙa kiran kowace milimita "maki" a cikin wannan bayani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara ba da magani in an tabbatar, bayan awo a ranaku dabam dabam, cewa lambar sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90.

Wahalar wannan ciwo ita ce galibi ba ya nuna kansa. Mutum yana iya yawo da 180 shekara da shekaru bai ji ko ciwon kai ba, alhali kuwa zuciyarsa na kauri, ƙodarsa na lalacewa, ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa da na idonsa na ta gajiya. Saboda haka jin daɗin jiki ba ya zama shaida cewa magani na aiki. Abu biyu likitoci ke dubawa. Na farko shi ne yawan makin da maganin ya sauke. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci nesa ba kusa ba, shi ne ko masu shansa sun tsira daga shanyewar ɓarin jiki, da toshewar jijiyar zuciya, da gazawar zuciya, da lalacewar ƙoda, da mutuwar farat ɗaya. Abubuwan biyu suna tafiya tare a mafi yawan lokaci: wani babban nazari da aka buga a 2021, wanda ya tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa, ya nuna cewa duk maki 5 da aka sauke daga lambar sama yana rage haɗarin waɗannan masifu da kimanin kashi 10 cikin 100. Amma kamar yadda za a gani nan gaba, an taɓa samun maganin da ya sauke lamba, ya kuma kasa kare zuciya yadda ɗan uwansa ya yi.

Ba tun fil'azal aka san wannan ba. A watan Afrilu na 1945 Shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya rasu bayan jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwarsa, lambar sama ta jininsa ta kai 300, kuma a zamanin nan babu wani magani mai sauƙin sha da likitocinsa za su ba shi. Har ma akwai manyan likitoci da ke ganin cewa sauke jinin dattijo kuskure ne, wai jikinsa na bukatar wannan ƙarfi. Wanda ya kashe wannan gardama shi ne Dokta Edward Freis, da gwajin da ya yi a kan tsofaffin sojojin Amurka 143 masu matsanancin hawan jini, wanda aka buga a 1967. An raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka ba mutum 73 magani, aka ba mutum 70 ƙwayar wofi mai kama da magani. Cikin masu shan ƙwayar wofi mutum 27 suka gamu da mummunar larura, cikin masu shan magani kuwa mutum 2 kacal. Dole aka tsai da gwajin kafin wa'adinsa. Wannan hanya ta rabawa da ƙuri'a ita ce har yau ake bi, domin ita ce ke hana likita ko kamfani zaɓar wa maganin da yake so majinyata masu ƙarfi.

Dangogin magungunan

Sunayen magungunan hawan jini suna da yawa ƙwarai, amma in aka bi asalinsu dangi huɗu ne manya. An rubuta sunayensu a nan yadda suke a jikin kwali, domin mai karatu ya iya gane nasa.

Dangi na farko su ne masu sa fitsari, irin su hydrochlorothiazide da chlorthalidone da indapamide. Aikinsu shi ne su sa ƙoda ta fitar da gishiri da ruwa, daga baya kuma jijiyoyi su saki. Tun ƙarshen shekarun 1950 ake amfani da su, kuma suna cikin mafi araha. Na biyu su ne masu buɗe jijiya, watau waɗanda ke hana sinadarin kalsiyam shiga naman bangon jijiya don kada ya matse. Fitaccensu shi ne amlodipine, sai kuma nifedipine mai dogon zango. Na uku su ne masu tare hanyar wani sinadari mai suna renin, wanda ƙoda ke fitarwa, shi kuma ya haifar da wani da ke tsuke jijiyoyi. Wannan dangi ɗaki biyu ne: akwai masu sunan da ke ƙarewa da "pril", kamar lisinopril da perindopril da ramipril, akwai kuma masu ƙarewa da "sartan", kamar losartan da telmisartan. Kakansu captopril, wanda ya shigo kasuwa a 1981, an gano hanyar yinsa ne daga binciken dafin wani maciji dangin kububuwa na ƙasar Birazil. Na huɗu su ne masu sassauta bugawar zuciya, waɗanda sunansu ke ƙarewa da "lol", irin su atenolol da propranolol.

Akwai kuma tsofaffin magunguna da dattawa suka sani, kamar methyldopa, wanda aka fi sani da Aldomet, da reserpine. Suna sauke jini, amma sukan kawo kasala da gyangyaɗi, kuma methyldopa sai an sha shi sau biyu ko uku a yini, don haka yanzu ba da su ake farawa ba, sai ga mai juna biyu, inda methyldopa ke da muhalli har gobe.

A 2003 wasu masana a Ingila suka tattara gwaje-gwaje 354, suka tarar cewa in an ba da kowane ɗaya daga manyan dangogin nan bisa ƙa'idarsa, a matsakaicin lissafi yakan sauke kimanin maki 9 a sama da maki 5 zuwa 6 a ƙasa. Watau a jimlace babu wani dangi da ya yi wa sauran fintinkau. Sai dai yawancin waɗanda aka yi gwajin a kansu Turawa ne, kuma a nan ne maganar ta ɗauki wani salo.

Babban gwajin Amurka

Gwajin da ya fi kowanne girma wajen kara magani da magani shi ne wanda ake kira ALLHAT, aka fara shi a 1994, aka bayyana sakamakonsa a 2002. An raba mutum 33,357 masu shekara 55 zuwa sama gida uku: wasu chlorthalidone mai sa fitsari, wasu amlodipine, wasu lisinopril, aka bi su kusan shekara 5. Abin da ya ƙara wa wannan gwaji daraja ga mutanen Afirka shi ne fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen baƙar fata ne. Tun farko akwai gida na huɗu, masu shan wani magani mai suna doxazosin, amma a shekarar 2000 aka dakatar da wannan ɓangare, domin ko da yake maganin na sauke jini, gazawar zuciya a cikin masu shansa ta kusa ninka ta masu shan chlorthalidone.

A lokacin, amlodipine da lisinopril sababbi ne masu tsada, kuma mutane da yawa sun ɗauka za su kayar da tsohuwar ƙwayar fitsari. Ba haka aka gani ba. Wajen toshewar jijiyar zuciya da yawan mace-mace, duka ukun kunnen doki suka yi. Wajen gazawar zuciya kuwa, watau ciwon nan mai kawo haki da kumburin ƙafa, ƙwayar fitsari ce ta yi gaba: cikin kowane mutum 100 masu shan amlodipine kimanin 10 suka kamu a shekara 6, masu shan chlorthalidone kuwa kimanin 8.

Babban darasin yana ga lisinopril. Ga waɗanda ba baƙar fata ba, bai bambanta da ƙwayar fitsari ba wajen hana shanyewar ɓarin jiki. Amma ga baƙar fata, jinin masu shansa ya zauna sama da na masu shan chlorthalidone da kimanin maki 4, kuma shanyewar ɓarin jiki ta fi yawa a cikinsu da kashi 40 cikin 100. A lissafin kai, wajen mutum 8 ke nan cikin 100 maimakon 6. Wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar jiki a gida, da ɗauka da kwantarwa da wanki, ya san mutum 2 cikin 100 ba ƙaramin abu ba ne.

Dalilin wannan bambanci sananne ne. Baƙar fata masu hawan jini da yawa ƙodarsu ba ta fitar da renin da yawa, sai dai tana riƙe gishiri fiye da kima. Maganin da aikinsa shi ne tare hanyar renin, in ya zo ya tarar da hanyar ba kowa, ba shi da abin tarewa sosai. Mai fitar da gishiri da mai buɗe jijiya kuwa ba ruwansu da yawan renin, aikinsu suke yi. Haka kuma dangin "lol" sukan yi rauni ga baƙar fata in an ba da su su kaɗai, domin wani sashe na aikinsu shi ma rage renin ne.

Amma fa a yi hattara da wannan magana, kada a wuce da ita inda ta tsaya. Lissafi ne na jama'a a dunƙule. Akwai ɗan Nijeriya da lisinopril kaɗai ke riƙe jininsa sarai, kuma irin wannan ba shi da dalilin canzawa. Sa'an nan raunin dangin "pril" da "sartan" yakan kau in an haɗa su da amlodipine ko da ƙwayar fitsari.

Makomar dangin "lol"

Shekaru da dama atenolol na cikin magungunan da aka fi rubuta wa masu hawan jini a duniya. Abin da ya rage masa daraja shi ne gwajin ASCOT, wanda aka yi a kan mutum 19,257 a Ingila da Ailan da ƙasashen arewacin Turai, aka buga shi a 2005. Waɗanda aka fara wa da amlodipine, aka ƙara musu perindopril in da bukata, sun sami ragin shanyewar ɓarin jiki da kashi 23 cikin 100 bisa waɗanda aka fara wa da atenolol aka ƙara musu ƙwayar fitsari, kuma sabon ciwon sukari ya fi ƙaranci a cikinsu. A 2006 hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta cire dangin "lol" daga sahun farko. Har yanzu suna da babban amfani ga wanda jijiyar zuciyarsa ta taɓa toshewa, ko mai gazawar zuciya, ko wanda zuciyarsa ke bugawa barkatai. Wanda ya daɗe yana shan su kada ya daina rana ɗaya, domin zuciya na iya zabura. Likita ne zai rage masa sannu a hankali.

Ƙwaya biyu sun fi ninka ɗaya

Tun da magani guda maki 9 ko makamancin haka yake saukewa, mutumin da ya zo asibiti da 170 ba zai isa ƙasa da 140 da ƙwaya ɗaya ba. Mafi yawan masu hawan jini suna bukatar iri biyu ko fiye. Wannan ba alama ce ta cewa ciwon ya gagara ba, ko kuwa maganin farko jabu ne, kamar yadda wasu ke zato. Wani nazari na 2009 ya nuna cewa ƙarin saukar da ake samu in an haɗa dangi biyu dabam dabam ya kai wajen ninki biyar na wanda ake samu in an ninka adadin magani guda. Ga kuma wata riba: illolin magani sukan ƙaru ne da yawan adadinsa, saboda haka kaɗan daga wannan da kaɗan daga wancan ya fi sauƙi ga jiki bisa ga mai yawa daga guda.

To, wane haɗi ne ya fi dacewa da mutumin Afirka? Da daɗewa amsar daga baƙaƙen Amurka ake aro ta, alhali abincinsu da yanayinsu da zamansu ba irin na nan ba ne. Wannan giɓi ne gwajin CREOLE ya cike. Likitan zuciya Dike Ojji na Jami'ar Abuja ne ya jagorance shi, tare da likitoci daga Ibadan da Kano da wasu ƙasashe, aka buga sakamakon a 2019. An yi shi a cibiyoyi 10 cikin ƙasashe 6, watau Nijeriya da Kamaru da Kenya da Yuganda da Mozambik da Afirka ta Kudu, a kan baƙar fata 728. Kashi na farko aka ba su amlodipine da hydrochlorothiazide, na biyu amlodipine da perindopril, na uku perindopril da hydrochlorothiazide. Bayan wata 2 aka ninka wa kowa adadin, aka ci gaba har wata 6. Ba a dogara ga awon asibiti kaɗai ba, inda fargabar likita kan ɗaga jinin mutum. An ɗaura musu wata na'ura da ke auna jini dare da rana har awa 24 suna harkokinsu.

Sakamakon ya fito fili. Haɗi biyun da ke da amlodipine a ciki sun sauke lambar sama fiye da na ukun da kimanin maki 3, su biyun kuwa ba wani bambanci tsakaninsu. Maki 3 kamar ba kome ba ne ga mutum ɗaya, amma in aka tuna cewa maki 5 na rage haɗari da kashi 10 cikin 100, aka kuma dubi miliyoyin masu wannan ciwo a ƙasar nan, sai a ga gidaje nawa ne abin zai shafa. Gwajin na wata 6 ne, kuma lambar jini ya auna, bai ƙidaya shanyewar jiki ba. Duk da haka ya yi daidai da wani babban gwaji na 2008 mai suna ACCOMPLISH, a kan mutum 11,506, inda haɗin benazepril da amlodipine ya rage cututtukan zuciya da jijiya da kimanin kashi 20 cikin 100 bisa haɗin benazepril da hydrochlorothiazide.

Tsarin da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta shimfiɗa wa ƙananan asibitoci, wanda aka fara aiki da shi a jihohin Kano da Ogun a 2020, bisa wannan hanya yake. Ana farawa da amlodipine miligiram 5 sau ɗaya a yini. In bayan wata guda jini bai sauka ba sai a ƙara losartan, in bai isa ba a ɗaga adadinsu, sa'an nan a ƙara ƙwayar fitsari, in har yanzu ya ƙi sai a tura mutum babban asibiti. A 2024 aka buga wani gwaji kuma da aka yi a nan Nijeriya a kan mutum 300, inda aka kara wannan tsari da wata ƙwaya guda mai ɗauke da ɗan kaɗan na magani uku, telmisartan da amlodipine da indapamide. Bayan wata 6, kashi 82 cikin 100 na masu shan ƙwayar haɗin sun sauko ƙasa da 140 bisa 90 a awon asibiti, masu bin tsarin mataki mataki kuwa kashi 72. Ko wannan 72 ɗin ma abin lura ne, domin a rahotonta na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowane mutum 5 masu hawan jini a duniya, 4 ba sa samun isasshen magani. Magungunan da ake da su suna aiki, in an sha su kuma ana komawa awo.

Akwai haɗi ɗaya da aka hana, watau "pril" da "sartan" tare. Gwajin ONTARGET na 2008 ya nuna cewa ramipril da telmisartan daidai suke wajen kare zuciya, amma shan su a haɗe bai ƙara amfani ba, sai cutar da ƙoda. Wannan kuskure kan faru ne in mutum na ganin likita biyu bai gaya wa ɗaya abin da ɗayan ya rubuta ba. Wanda kuma ke shan dangi uku cikakku jininsa bai sauka ba, wani gwaji na Ingila a 2015 ya nuna cewa ƙarin spironolactone ya fi sauran da aka gwada, amma sai da awon jini a kai a kai, domin yana tara sinadarin fotashiyam.

In da wata larura tare da hawan jinin

A nan ne aron maganin maƙwabci ke zama ganganci. Mai ciwon sukari ko ciwon ƙoda wanda aka ga furotin na zuba a fitsarinsa, dangin "pril" ko "sartan" ne suka fi kare masa ƙoda, ko da baƙar fata ne. An tabbatar da haka a wani gwaji na baƙaƙen Amurka 1,094 masu ciwon ƙoda da aka kammala a farkon shekarun 2000, inda ramipril ya fi amlodipine jinkirta lalacewar. Amma waɗannan dangi biyu ɗin haramun ne a likitance ga mace mai juna biyu, domin suna lalata ƙodar ɗan tayi, har su kashe shi. Duk macen da ke shan su, in tana neman haihuwa ko ta ga batan wata, ta gaggauta zuwa asibiti a sauya mata da methyldopa ko labetalol ko nifedipine. Mai ciwon asma ya nisanci propranolol, yana iya toshe masa numfashi. Mai ciwon kumburin gaɓa irin wanda kan fara daga babban yatsan ƙafa, ƙwayar fitsari na iya tayar masa da shi.

Kowane dangi da irin tasa illar. Amlodipine kan kumbura idon sawu, musamman a miligiram 10, kuma haɗa shi da "pril" ko "sartan" na rage wannan. Dangin "pril" kan kawo busasshen tari ga kimanin mutum 1 cikin 10, wanda maganin tari ba ya ji; in an koma "sartan" sai ya tafi. Wani lokaci kuma, ko da yake ba kasafai ba, sukan kumbura leɓe da harshe da maƙogwaro, abin da ya fi samun baƙar fata, kuma wanda ya ga haka ya bar maganin nan take ya nufi asibiti. Ƙwayar fitsari kan rage fotashiyam, ta kawo kasala da ɗaurewar tsoka. Ita da dangin "lol" sukan taɓa ƙarfin wasu maza, kuma kunya kan sa magidanci ya bar magani a ɓoye bai faɗa wa kowa ba. Gara ya faɗa, gama sauya dangi abu ne mai sauƙi, hawan jinin da aka ƙyale kuwa shi kansa yana kashe jijiyoyin wannan wuri.

Tsada, da abubuwan da ke karya ƙarfin magani

Amlodipine miligiram 5 amlodipine miligiram 5 ne, ko wane kamfani ya yi shi, muddin na gaskiya ne. Abin dubawa shi ne sunan maganin na asali da adadinsa, da lambar rajistar hukumar NAFDAC, da ranar ƙarewar aikinsa, a kuma saya a kantin magani mai rajista, a guji na talla da rana ta gasa a tasha. Mai araha da aljihu zai iya ɗauka kowane wata ya fi mai tsadar da za a sha mako biyu a bari, domin babu ɗaya daga cikin magungunan nan da ke warkar da ciwon. Riƙe shi suke yi, in an daina sai ya koma inda yake.

Sau da yawa akan zargi magani da rashin aiki alhali wani abu ne ke warware masa saƙa. Na gaba shi ne gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, watau kimanin ƙaramin cokalin shayi, kuma a cikin lissafin har da dunƙulen ɗanɗanon miya, da kanwa, da yajin tsire da kilishi, da busasshen kifin da aka yi wa gishiri. Na biyu su ne ƙwayoyin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda manoma da 'yan dako da dattawa masu ciwon gwiwa ke sha kullum. Suna ɗaga jini, suna kuma wahalar da ƙoda. Zoɓo marar sukari, wanda ake yawan tambaya a kansa, ƙananan gwaje-gwaje sun nuna yana ɗan sauke jini, amma ba a yi masa irin gwajin dubban mutane da aka yi wa ƙwayoyin nan ba, saboda haka ba ya maye gurbinsu. Haka nan tsohuwar al'adar fasa nifedipine mai gajeren zango a ƙarƙashin harshe don jini ya faɗo nan da nan, likitoci sun bar ta, domin faɗuwar gaggawa na iya jawo shanyewar jikin da ake gudu.

Game da lokacin sha, wani gwaji a Ingila a kan mutum 21,104, wanda aka buga a 2022, ya tarar cewa babu bambanci tsakanin masu sha da safe da masu sha da dare. Mutum ya zaɓi lokacin da ba zai manta ba, sai dai ƙwayar fitsari ta fi kyau da safe don kada ta hana barci. Wannan ya sauƙaƙa wa masu azumi: amlodipine na daɗewa a jiki fiye da yini guda, ana iya shansa da sahur ko bayan buɗa baki. Mai shan ƙwayar fitsari kuwa, musamman in azumi ya faɗo a bazara, ya ga likita tun cikin Sha'aban a duba ko za a mayar masa da ita bayan shan ruwa ko a rage adadinta, ya kuma je da dukan kwalayen magungunansa a hannu, har da na gargajiya in yana sha.